Wanda ya musanta ɗumamar duniya, bashin wa yake yafewa?

Tun bayan daminar 2024 wata magana ta samu gindin zama a Damagaram. Ana jin ta a fadar samari wajen shan shayi, ana jin ta a rumfunan Kasuwar Dole, har a bakin wasu da suka yi karatu mai zurfi. Cewa ake yi: ina ɗumamar duniyar da aka daɗe ana tsorata mu da ita? An ce hamada za ta cinye mu, ga shi ruwa ne yake rushe mana gidaje. Wasu kuma su ƙara da cewa zancen duka ƙirƙirar Turawa ce. Sun gama gina ƙasashensu da kwal da fetur, yanzu da muka fara haƙo namu man sai suka tuna cewa hayaƙi yana ɓata duniya.

Fushin da ke ƙarƙashin wannan magana na gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma maganar kanta kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Duniya tana ɗumama, hayaƙin da mutane ke tayarwa ne babban dalili, mu kuma muna cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin laifi suka fi kowa shan wuya. Ɗan Damagaram da ya ce babu wannan abu, ko ya sani ko bai sani ba, yana wanke waɗanda suka yi masa ɓarna tun kafin a zauna shari'a.

Abin da ya sa na tsaya a kan haka shi ne awo. A shekarar 1958 wani masani ɗan Amurka, Charles Keeling, ya kafa na'ura a kan dutsen Mauna Loa da ke tsibirin Hawai, nesa da hayaƙin birane, ya fara auna yawan iskar kabon da ke cikin sararin sama. Ya samu kashi 315 cikin miliyan. Ba a daina wannan awon ba har yau, kuma yanzu ya wuce 420. Kafin zamanin masana'antu yana wajen 280. An san haka ne domin a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, ƙanƙara tana taruwa shekara bisa shekara ba ta narkewa, tana kulle ƙananan kumfan iskar zamaninta a ciki. Masu bincike sun haƙa ta, sun fasa kumfan, sun auna iskar da ta kai shekaru 800,000. A duk tsawon wannan lokaci kabon bai wuce wajen 300 ba. Zafin ma an auna shi, a tudu da teku. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da wajen digiri ɗaya da rabi, kuma zuwa ƙarshen wannan shekarar, shekaru goma mafiya zafi su ne daga 2015 zuwa 2024, a jere.

Sai wani ya ce, ai hunturun bana har wuta muka riƙa kunnawa a ɗaki, yara suka yi ta mura. Gaskiya ne. Amma kowa a garin nan ya san yadda kuɗin hatsi yake tafiya. Da kaka tiya takan sauko, da bazara ta hau, wata shekarar da aka yi albarka ta sauko sosai har manomi ya yi kuka. Duk da haka babu magidancin da zai ce tiyar yau da ta shekara talatin baya kuɗinsu ɗaya, don kawai ya saya da araha a watan Oktoba. Haka zafin duniya yake. Yana hawa yana sauka tsakanin wata da wata, tsakanin shekara da shekara, amma inda yake saukowa yanzu ya fi inda yake hawa a zamanin kakanninmu. Sanyin mako biyu a Zinder ba ya goge lissafin shekara ɗari da hamsin na duniya baki ɗaya.

Batun makircin Turawa kuwa, tarihi kaɗai ya isa ya warware shi. A 1859 John Tyndall ya gwada a ɗakin bincikensa a Landan ya ga cewa iskar kabon tana riƙe zafi. Hasken rana yana ratsa ta ya sauko, amma zafin da ƙasa ke mayarwa sama sai ta tare wani kaso. A 1896 Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, ya zauna da alƙalami ya lissafa yadda duniya za ta ɗumama idan wannan iska ta ninka. A wannan shekarar Sarki Amadu Kuran Daga ne ke kan gadon Damagaram, sojan Faransa bai ci garin nan ba sai 1899, kuma babu mahaluƙin da ya san akwai mai a ƙarƙashin Agadem. To, man wa aka ƙulla makircin hanawa?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, musun ne ma aka yi mana safararsa daga waje. Masanan kamfanin mai na Exxon sun yi nasu lissafin tun ƙarshen shekarun 1970, suka ga ɗumamar tana tafe, hasashensu kuma ya zo daidai da abin da aka gani daga baya, amma kamfanin ya shafe shekaru yana shuka shakka a zukatan jama'a. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa tara hayaƙi a sama in aka haɗa tarihi duka, sau biyu Shugaba Trump yana fitar da ita daga yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage hayaƙi. Saurayin da ke zaune a Zango yana cewa ɗumama ƙarya ce, yana ganin Turawa yake yi wa tawaye, alhali maganar attajiran mansu yake maimaitawa kyauta.

Akwai hujja guda da nake girmamawa, domin daga ƙasarmu aka ɗauko ta. Masu ita suna cewa ai yanayi ya saba canzawa tun fil azal. A Dabus, arewa da Agadas, ga zanen raƙuman dawa a jikin dutse, a wurin da yau ko akuya sai ta wahala. A Gobero, tsakiyar Tenere, an tono ƙasusuwan mutanen da suka rayu a bakin tafki suna kamun kifi. Sahara ta taɓa zama kore, ta bushe wajen shekaru 5,000 da suka wuce, babu mota babu masana'anta. Duk wannan haka ne. Sai dai an san abin da ya kawo wancan canji: sauyin karkatar duniya da zagayenta a kewayen rana, abin da ke ɗaukar dubban shekaru. Wannan dalili ba ya iya bayyana hawan da aka gani cikin shekara ɗari da ƴan kai. Rana ma an sa mata ido da taurarin ɗan'adam tun ƙarshen shekarun 1970, ƙarfinta bai ƙaru ba. Kuma da rana ce ta ƙara wuta, da sama da ƙasa duk sun yi zafi tare. Abin da aka auna shi ne iskar da ke kusa da mu tana ɗumama, ta can ƙololuwa tana ƙara sanyi, wanda shi ne alamar zafin da aka tare a ƙasa. Raƙuman dawan Dabus ni tsoro suke ƙara mini, domin suna nuna cewa wannan yanki namu ba ya buƙatar turi mai yawa kafin ya juye gaba ɗaya.

Yanzu ga batun ruwa, wanda shi ne ya rikita mutane. Laifin a nan har da na masu wayar da kai, waɗanda suka shekara talatin suna haɗa ɗumamar duniya da fari kamar abu ɗaya ne. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo tun hayaƙin duniya bai taka kara ya karya ba. Farin farkon shekarun 1970 da na 1984, wanda mutanenmu suka raɗa wa El Buhari, masu bincike sun danganta su da sauyin zafin tekuna, wasu kuma suka nuna cewa ƙurar farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ta taimaka wajen tura damina kudu. Daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan dawo. Amma tambayi duk manomin da ya haura shekara sittin ko ruwan da ya dawo shi ne wanda ya tafi. Zai ce maka a'a. Yakan yi ruwan shuka, ka zuba irinka, hatsi ya tsiro kamar yatsa, sai sama ta ɗauke kwana ashirin, iska ta turbuɗe shi da rairayi, ka sake shuka da irin da ka ranto. Can cikin Agusta kuma ruwan da ya kamata ya rabu kashi biyar ya zubo a dare ɗaya, ya wanke taki, ya tsaga gona da kwazazzabo.

Wannan ba ya saɓa wa ɗumama, shi ne ma abin da ake tsammani daga gare ta. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa, duk ƙarin digiri ɗaya tana ƙara wajen kashi 7 cikin 100. Wani bincike da aka yi da hotunan taurarin ɗan'adam, aka fitar a 2017, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ya danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi. A 2024 mun ga abin da idonmu. Sama da mutum 300 suka rasu a faɗin Nijar, waɗanda ambaliya ta shafa suka haura miliyan, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba domin azuzuwa sun cika da waɗanda suka rasa matsuguni. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Wanda ya taɓa zama a ginin ƙasa ya san yadda abin yake faruwa. Ba daga sama bango yake mutuwa ba. Ruwa ne yake kwanciya a gindinsa, laima ta riƙa hawa, launin ƙasar ya yi duhu har gwiwa, ka dafa ka ji ta yi laushi kamar ƙullu. Sai tsaga ta fito a kusurwa, azara ta fara ƙara cikin dare. Ginin ƙasa yana jure ruwa in ya samu rana tsakanin hadari da hadari ya sha iska. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa bisa ruwa.

Zafin kansa kuwa ba ma buƙatar wani ya zo daga Yamai ya gaya mana. A azumin 2024, farkon Afrilu, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masanan da suka bi diddigin wannan zafi sun ce ba zai kai haka ba in ba don ɗumamar da mutane suka jawo ba. Mu a nan abin da ya fi cin rai shi ne dare. Duwatsun garin nan suna shan rana wuni guda, in magariba ta yi su fara amayar da ita. Ɗakin kwano ba ya shiguwa, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta, uwa ta jiƙa zane ta lulluɓa wa jariri, kafin ta juya ya bushe. Jikin tsoho da mai hawan jini yana buƙatar sanyin dare don ya huta daga wahalar rana, in bai samu ba kwana uku a jere sai a ji an ce wane ya kwanta bai tashi ba. Hatsi ma haka. Zafi yana gaggauta shi ya nuna kafin zangarniya ta cika. Wani lissafi da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa ɗumamar da aka riga aka samu ta rage amfanin hatsi a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Wannan buhu ɗaya ko biyu ne cikin kowane goma, an ɗauke shi daga rumbun mutumin da bai taɓa mallakar ko babur ba.

Ina da ƙorafi kuma a kan waɗanda muke gefe ɗaya da su. Sau da yawa za ka ji an tara mata a taron wayar da kai ana gaya musu cewa itacen da suke girki da shi ne ya ɗumama duniya. Wannan zalunci ne. Ɗan Nijar, in aka raba, hayaƙin kabon da yake fitarwa daga mai da kwal a shekara bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ba. Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Sare itace yana da illa babba, yana buɗe gona ga iska, yana kashe ƙasa, yana hana mu inuwa, kuma saboda waɗannan ya kamata a yi maganarsa. Amma matar da ta ɗauko ƙirare daga bayan gari ba ita ta kai kabon 420 ba, kuma bai halatta a ɗora mata nauyin da ba nata ba don kawai ita ce ba ta iya mayar da magana.

Haka nan ban yarda ma'aikaci ya fake da canjin yanayi ya rufe sakacinsa ba. Ɗumamar duniya ba ita ta yanka filaye a cikin tafki ta sayar ba. Ba ita ta cika magudanun ruwa da leda da yashi aka bar su har damina ta faɗi ba. Hadarin daga sama yake, amma inda ruwan zai bi in ya sauko, mu muka tsara ko muka ƙi tsarawa.

Dattawanmu kuma sukan ce zafi da ruwa duk na Allah ne. Babu musulmin da zai ja da wannan. Sai dai sanin cewa Allah ne mai yi bai taɓa hana a nemi sababi ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Idan maƙwabci ya toshe hanyar ruwa katangarka ta faɗi, kana cewa Allah ya ƙaddara, kuma kana zuwa wajen mai unguwa. Ban ga abin da ya raba wannan da wancan ba, illa dai maƙwabcin na yanzu yana da nisa kuma yana da ƙarfi.

To, man namu fa? Ra'ayina a fili yake: mu haƙa, mu tace, mu yi amfani da shi. Matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011, bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara kai ɗanyen mai kasuwa a 2024, kuma babu wanda ke da bakin da zai ce wa ƙasar da yawancin ƙauyukanta ba su da lantarki ta bar arzikinta a ƙasa. Tukunyar gas ɗaya a gidan talaka ta fi jawabi ɗari kare itatuwa. Yarda da ɗumamar duniya ba ta hana mu wannan. Ita ce ma take ba mu bakin magana. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, don fuskantar canjin yanayi. Ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne aka bayar, wato wanda aka yi wa ɓarna shi zai biya da ruwa. A Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, a Baku a 2024 aka ce dala biliyan 300 a shekara kafin 2035. Kuɗin sun yi kaɗan, suna zuwa a makare, hanyar samunsu kuma cike take da takardu. Duk da haka haƙƙi ne, ba sadaka ba. Wanda ya je wannan zama yana cewa ai babu abin da ya faru, me zai karɓo?

Kuma muna da abin da za mu aza a kan tebur. Duk wanda ya bi hanyar Mirya, Matamai ko Magarya da rani ya ga gawo a tsaye cikin gonaki, kore shar lokacin da komai ya bushe. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa su ciyar da bisashe a lokacin da babu ciyawa. Yawancin waɗannan itatuwa ba dasa su aka yi ba. Bayan wahalar 1984 manoma ne suka canza yadda suke sassabe. Maimakon a share gona ƙaf, sai mutum ya duƙa a kan kututture, ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya hana a taɓa su. Da wannan aikin hannu aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, itatuwa kusan miliyan 200, har masana daga wasu nahiyoyi suna zuwa koyo. Mutanen da suka fi kowa ƙarancin hayaƙi su ne suka yi ɗaya daga cikin manyan ayyukan gyara a Afirka, ba tare da an biya su ba.

Inda muke da rauni shi ne rubutu. Mai neman diyya da shaida yake zuwa, mu kuma asararmu yawancinta a baki take. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana tara bayanan ruwa da amfanin gona na yankin Sahel, ga kuma Jami'ar André Salifou a cikin garin nan da ɗalibai masu neman abin bincike. Ma'aunin ruwan sama da na zafi ba su da tsada. Ina son in ga kowace makarantar gari da ta ƙauye tana da su, yara suna rubuta awon kowace safiya a littafi, ana tattarawa a ƙarshen wata. Ina son asibitocinmu su riƙa rubuta adadin waɗanda aka kawo a makonnin tsananin zafi da waɗanda suka rasu, a ware tsofaffi da jarirai. Masu unguwa kuma su riƙe lissafin ɗakunan da suka faɗi kowace damina da daren da suka faɗi, domin a iya haɗa shi da yawan ruwan da ya sauka a daren. Wannan aiki ba ya jiran taron ƙasa da ƙasa, hukumar birni da hukumar lafiya ta jiha suna iya fara shi kafin bazara mai zuwa.